Garin Neman Gira

 Da editan wannan mujalla tamu ya neme ni in kawo rubutu, niyyata ta fari ita ce in tsakuro wani abu daga kundin digirina in miƙa masa, kamar yadda 'yan aji huɗu suka saba yi. To, amma sai ga shi kundin da kansa ya shiga wani hali, har labarin halin da ya shiga ya fi abin da ke cikinsa tsaya mini a rai. Saboda haka shi zan ba ku, ko Allah Ya sa wani ya amfana, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Kundin nawa a kan waƙoƙin gaɗa ne na 'yan matan ƙauyenmu, watau irin waɗanda akan yi da tafi a dandali in wata ya yi fari, waɗanda yanzu sun kama hanyar ɓacewa. A dogon hutun da ya wuce na tafi gida na zauna da Kakata da ƙawayenta uku da suka yi 'yanmatanci tare. Ɗaya daga cikinsu, wadda ta fi su shekaru, ita ce zabiyarsu a wancan zamani. Mako uku ina bin su da goro da sabulu da lallashi, har na samu na ɗauki muryoyinsu a waya kashi 14. Da na dawo makaranta na juye su cikin kwamfutata, 'yar tafi-da-gidanka ta hannu wadda yayana ya saya mini da kuɗin gyaɗarsa, sa'an nan na goge na wayar, don ta cika tana ta ƙorafin rashin wuri. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ga wanda bai saba da harkar ba, kowace kwamfuta tana da abin da ake kira babbar manhaja. Ita ce kamar uwargida a gidan yawa: ita ta san inda aka ajiye kowane kaya, ita ke raba aiki, ita ke ba kowa rabonsa. Sauran manhajoji, ta rubutu da ta sauraren murya da ta shiga intanet, duk a ƙarƙashinta suke, ba mai motsi sai da izininta. In tana lafiya gida lafiya, in kuwa ta tashi da ciwon kai, ran nan ba mai cin tuwo.

Saura kwana 12 in miƙa babi na huɗu, sai wani saƙo ya fara fitowa a fuskar kwamfutar, wai sabuwar babbar manhaja ta fito, kyauta ce, ta fi sauri, ta fi tsaro, kuma ba abin da zai taɓa kayana. Na kore shi, ya dawo da safe. Na sake korarsa, ya dawo da dare, sai ka ce mai bin bashi. Ga shi kuma wasu 'yan ajinmu sun riga sun ɗora, fuskar kwamfutocinsu sai ƙyalli take yi, tawa kuwa ta koma kamar baƙauyiya a gidan biki. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin kamar yadda za ku gani a gaba, duk kanwar ja ce.

Abokin ɗakina, wanda ke karatun kimiyyar kwamfuta, ya ga ina shirin dannawa, ya ce, "Malam Bahaushe, bar ta tukuna. Sabuwar rijiya ba a shan ruwanta na fari, sai an yashe laka. Ka gama kundinka, ka bari a yi wata uku ko huɗu, sa'an nan ka ɗora." Na ce masa ai mutanen da suka ƙera abin sun fi ni da shi sani, in bai nuna ba da ba su sauke shi daga murhu ba. Ya yi dariya ya juya ya yi kwanciyarsa.

Na sayi data ta dare da kuɗin abincin kwana biyu. Wajen ƙarfe ɗaya aka fara saukewa. Ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, na zauna cikin duhu ina kallon batir yana raguwa ina salati, har Allah Ya taimaka aka dawo da ita. Da kiran assalatu ta gama, ta buɗe da sabuwar fuska mai ban sha'awa, na tafi masallaci ina jin kaina kamar wanda ya yi sabon aure.

Murnar ba ta kai azahar ba. Abu na farko da na lura, murya ta ɗauke ɗif, ko tari kwamfutar ba ta yi. Na biyu, intanet ɗin makaranta sai ta kama minti biyar ta saki. Na uku, batirin da kan yi awa uku ya koma awa ɗaya da 'yan mintoci, ga inji yana huci kamar jakin da aka yi wa lodi a hawan tudu. Duk na ce waɗannan masu sauƙi ne. Sai na buɗe kundi. Jama'a, ko'ina ƙ take sai na ga }, ɗ ta koma ], ɓ kuwa ta zama ~. Kan maganar da kansa ya koma "Wa}o}in Ga]a", haka har shafi 63. Na yi maza na nufi jakar da na ajiye muryoyin tsofaffin nan, na danna. Jaka ta buɗe wayam, ba ko ɗaya. Lokacin hunturu ne, amma gumi ya karyo mini har ya jiƙa riga.

Washegari na saɓi kwamfuta sai kasuwa, wurin masu gyara. Na tarar da mutum biyar a gabana, uku daga cikinsu ciwonmu ɗaya. Da layi ya zo kaina mai gyaran ya dube ni ya ce, "Ɗalibi, kai ma ka ɗora sabuwar ko? Mu dai wannan wata kakarmu ta yanke saƙa." Shi ya fahimtar da ni cewa tsakanin babbar manhaja da kowane sashe na jikin kwamfuta, kamar lasifika da abin kama intanet, akwai wata 'yar manhaja mai aikin tafinta, wadda suke kira direba. Sabuwar uwargida ta zo da wani harshe, tsofaffin tafintoci ba su ji, shi ya sa murya ta ɗauke. Ya nemo sababbi ya sa, murya ta dawo. Sa'an nan ya shiga tone-tone cikin wani lungu inda aka jibge kayan tsohuwar manhaja, ya zaƙulo mini murya 11 lafiya lau. Ukun da suka rage sunansu na nan, amma in an danna sai shiru. Ya gwada duk dabarar da ya sani, ya girgiza kai ya ce sun lalace. Na duba sunayen, sai na ga su ne na rana ta ƙarshe, waɗanda zabiyar ta rera ita kaɗai tun daga fari har ƙarshe. Ita kuwa wata biyu bayan na ɗauki muryarta Allah Ya yi mata rasuwa.

Game da baƙaƙen da suka rikiɗe, mai gyaran ya ce wannan ba fanninsa ba ne, amma ga shawara: in umarci kwamfuta ta mayar da kowace } ta zama k, kowace ] ta zama d, kowace ~ ta zama b, cikin minti ɗaya an gama. Da yake lokaci ya ƙure, kuma hankalina ba ya jikina, na bi shawarar, na adana a kan na asali, na buga babin na kai wa malamin da ke duba aikina. Malam ya gyara tabarau, ya dubi shafin farko, ya ce, "Wakokin gada. To, wace gadar ke nan? Ta tsallaka kogi, ko ta daji mai ƙafa huɗu?" Na sunkuyar da kai na ce, "Allah Ya gafarta Malam, kwamfuta ce ta samu matsala." Ya buɗe gaba ya nuna mini inda na so in ce 'yan mata sun yi faɗa, rubutu ya ce sun yi fada, da inda baƙi suka koma baki, da inda waƙa ta ƙare ta koma kare. Ya ce su a zamaninsu da tafireta aka buga musu kundi, kuma tafiretar ba ta da ƙugiya, sai bayan an gama bugu mutum ya zauna da biro ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasa masa kai. "Ba wanda ya taɓa kawo wa malaminsa uzurin tafireta," in ji shi. Ya miƙo mini takarduna ya ƙara mini mako guda.

Da na koma ɗaki abokin nan nawa bai ce mini "ai na faɗa maka" ba, Allah Ya saka masa da alheri. Zama ya yi ya warware mini asalin rikicin. Waɗannan baƙaƙe namu masu ƙugiya sun shigo rubutun boko ne tun shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East ke shugabantar aikin talifi a Zariya. Da kwamfuta ta zo ƙasar nan ba ta san da su ba, sai masana suka yi dabara. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da nau'in rubutu irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka fitar da marubuta Hausa kunya shekara da shekaru. Dabarar irin wannan nau'i ita ce a ari gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana mata siffar ƙ ko ɗ ko ɓ. Watau a ido ƙ ce, amma a cikin cikin kwamfuta } ce sanye da riga. Sabuwar manhaja da ta zo sharar gida ta yar da nau'in rubutun da na sa da hannuna, riga ta faɗi, alama ta fito tsirara. Alhali kuwa akwai tsarin Yunikod, wanda ya fara fitowa a 1991, da ya ba kowane baƙi na harsunan duniya lambarsa ta kansa, har da ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y. Baƙin da aka rubuta da wannan tsari ƙ ne ciki da waje, ko an sauya masa riga. Ya ce da na bar rubutun yadda ya rikiɗe, da cikin minti ɗaya mun mayar da shi Yunikod. Amma tun da na riga na cakuɗa ƙ da k, kwamfuta ba ta da hanyar rarrabe su. Dare uku na yi ina bin shafi 63 kalma bayan kalma, ina yin aikin da Malam ya yi da biro.

A cikin waɗannan darare ne haushi ya sa na shiga bincike, in ga ko ni kaɗai ne mai rashin sa'a. Ashe abin tsohon ciwo ne. Kalmar da Turawa ke kiran irin wannan aibi da ita ma'anarta ƙwaro. A ranar 9 ga Satumba, 1947, masu aiki da wata katafariyar kwamfuta a Jami'ar Harvard ta Amurka suka ciro ƙwaro na gaske, irin mai bin fitila, daga cikin injin, suka manna shi a littafin aikinsu. A watan Afrilu na 1998, a birnin Cikago, ana nuna wa taron jama'a Windows 98 kafin fitowarta, Bill Gates na tsaye a kan dandamali, ma'aikacinsa ya jona na'urar ɗaukar hoton takarda, sai kwamfutar ta tsaya cik ta nuna shuɗiyar fuska. A ranar 2 ga Oktoba, 2018, kamfanin Microsoft ya saki sabuntawar Windows 10, kafin mako ya zagayo ya janye ta, domin tana goge wa wasu mutane takardunsu, ba a sake sakinta ba sai 13 ga Nuwamba. Kamfanin Apple ma bai tsira ba: a Nuwamban 2017 aka gano cewa a manhajarsa ta High Sierra mutum na iya shiga kwamfutar wani da cikakken iko ba tare da kalmar sirri ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Babbar manhaja jimlolin umarni ne miliyoyi, dubban mutane suka rubuta, kuma ana so ta yi aiki a kan kwamfutoci iri-iri da babu mai iya gwada su duka. Wannan uzuri ne, na karɓa. Abin da ban karɓa ba shi ne ɗabi'ar da intanet ta haifar. A da, in an buga manhaja a faifai an kai kanti, gyara yana da wuya da tsada. Yanzu kuwa ana iya sakin abu ɗanye a ranar da 'yan kasuwa suka sa, a ce gyara na tafe. Kamar tela ne ya kawo maka rigar Salla ranar jajibere ba hannu ɗaya, ya ce ka sa ka je Idi, hannun zai biyo baya, kuma kai za ka biya kuɗin motar ɗan aike. Gyaran nan da ake turowa da datarmu muke sauke shi, mu da muke ƙirga ta kamar ƙwayar magani.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne wanda ake ji in ya yi kuka. A waccan matsala ta 2018, kamfanin ya ce kwamfuta ɗaya cikin 10,000 ta shafa, kuma ya bayyana cewa wasu 'yan sa kai masu gwada manhajar sun kai ƙara tun kafin a sake ta, amma da yake ba su da yawa, kukansu ya nutse cikin hayaniya. Ku gwama wannan da abin da ya faru a ƙarshen Oktoban 2017, lokacin da sabuwar manhajar wayar iPhone ta riƙa sauya wa wasu baƙin "i" da "A" da wata alama marar ma'ana. Da yake wannan baƙi shi ne "ni" a Ingilishi, duniya ta ɗauka, jaridu suka buga, ranar 9 ga Nuwamba gyara ya fito. To, in ƙ ce ta samu matsala, wa zai yi kuka? Masu jin Hausa miliyoyi ne, amma mu nawa ne muka taɓa rubuta wa kamfani ƙara? Yawancinmu in ƙugiya ta ƙi fitowa sai mu rubuta k mu wuce, har muna koya wa injinan cewa ba mu damu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ya yi shiru maƙwabci ba zai hau masa rufi ba.

Ba zan ɗora wa kamfani laifi duka ba. Su suka yi mini alkawarin ba abin da zai taɓa kayana, suka saɓa. Amma ni na ajiye muryar da ba ta da madadi a wuri ɗaya tak, ni na tashi fafe gora ranar tafiya, ni kuma aka ba shawara na ƙi ji.

Ran Juma'a bayan na miƙa babin na hau mota na tafi gida. Kaka na ganina ta ce, "Maigida, yau kuma me aka zo karɓa hannu rabbana, ba ko kuɗin cefane?" Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Uwargida, waƙoƙin marigayiya ne suka ɓace." Ta ce, "Suka ɓace ina? Ba kai ka ce ka kulle su a akwatin nan naka ba, har jikokin jikokinka sai sun ji?" Ta yi dariya har da tafa hannu, daga baya kuma ta yi shiru ta daɗe tana kallon ƙasa. Can ta ce, "Ita ce zabiya, mu 'yan amshi ne." Ta aiki yaro ya kirawo sauran ƙawayen biyu. Bayan isha'i suka zauna a tsakar gida, wannan ta jawo ɗango, waccan ta ce a'a ba haka take faɗa ba, ta ukun ta cika. Kafin dare ya raba sun haɗa waƙa biyu, ko da yake su da kansu sun ce akwai giɓi. Ta ukun kuwa amshi kaɗai suka iya tunawa, jikin waƙar ya tafi da mai shi.

Da zan tafi kwanciya Kaka ta kira ni ta ce, "Maigida, waƙa ba ta zama a baki ɗaya. Mu da muna yi, mu ashirin ne a dandali. In ɗaya ta yi aure ta bar gari, sha tara suna nan." Tsohuwar da ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba ta faɗa mini abin da abokin ɗakina ya yi ta nanatawa ban ji ba. A daren nan, kafin in rufe ido, na tura sabon ɗaukan ga yayana da abokin nawa, da na dawo makaranta kuma na sayi filas na zuba.

Saboda haka, 'yan'uwana, musamman 'yan aji uku da za su fita neman bayanai a hutu mai zuwa, ga abin da na saya da tsada ina ba ku kyauta. Duk muryar da kuka ɗauka ku ajiye ta wuri uku, kada biyu su kwana cikin jaka ɗaya. Kada ku ɗora sabuwar babbar manhaja kuna tsakiyar aiki, ku bari waɗanda ba su da abin asara su sha ruwan farko. Ku rubuta Hausarku da Yunikod, tsofaffin rubuce-rubucenku kuma ku juya su tun kafin riga ta faɗi. In kun ga manhaja ta wulaƙanta ƙugiya, ku nemi wurin kai ƙara da ke cikinta ku rubuta, ku sa abokanku su rubuta. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyarmu da malamanmu na sashe su duba yiwuwar buɗe ma'ajiya, inda kowane ɗalibi zai bar kwafin muryoyin da ya ɗauko tare da kundinsa, domin tsofaffin da muke zuwa wurinsu ba za su jira mu mu koma sau biyu ba.

Kwamfutata tana nan, an turo gyara har sau uku, batir ya ɗan farfaɗo, intanet ta daina yankewa. A babi na huɗu kuwa, a ƙarƙashin waƙa ta 14, akwai amshi, sa'an nan fili fari. Malam ya ce in bar shi haka, in rubuta dalili a ƙasa. Allah Ya jiƙan zabiyar ƙauyenmu, Ya kyautata namu zuwan, amin. Wassalam.